Tukunyar Da Ba Nama Ba Abin Kunya Ba Ce

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Kowace rana ta Allah manyan motoci na tashi daga kasuwar Dawanau a nan Kano maƙare da wake da gyaɗa da gero da riɗi. Wasu na tashi daga Kura da Kadawa da Ɗanja ɗauke da kwandunan tumatir da tattasai, wasu kuma daga Aliero da buhunan albasa, duk sun nufi Kurmi. Masu sauke kayan nan a Mil 12 ta Ikko, da Bodija da Sasa a Badun, da Anacha da Fatakwal, da masu kasa su da masu dakonsu, da yawansu 'yan'uwanmu ne. Mai shakkar haka sai ya tuna da ƙarshen watan Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021, sa'ad da 'yan kasuwar abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, ya tuna yadda tumatir da albasa suka yi wuyar samu.

Abin mamaki kuwa, mutumin da abincin rabin gari ke bi ta hannunsa, sau da yawa shi ne mai karya kumallo da shayi da burodi, da rana ya jiƙa garin kwaki da sukari, da dare ya dafa taliyar leda ya kwanta. In ka tambaye shi dalili sai ya ce nama ya yi tsada, abinci mai gina jiki sai mai hali, shi kuwa ga kuɗin ɗaki ga na aikawa gida.

Batun tsada gaskiyarsa ne. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, kowa ya ga canji: a wannan rana ta 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a cikin shekara guda. Amma zancen cewa in ba nama jiki ba zai ginu ba, wannan kam akwai gyara a ciki. Da wake da gyaɗa da ganye da hatsi, a haɗa da ɗan ƙwai da nono, magidanci zai ciyar da iyalinsa su ƙoshi su yi lafiya, muddin an san yadda ake haɗa su.

Ba yau aka fara ba

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, shi ya sa wasu matan aure a Agege ko Sabon Badun kan ji nauyin maƙwabta su ga tukunyarsu ba ko tsoka ɗaya. To amma mu tambayi kanmu, kakanninmu a ƙauye sau nawa suke cin nama? Ranar kasuwa, ranar suna, sai kuwa Babbar Salla. Sauran kwanaki tuwon dawa ne da miyar kuka mai daddawa, da fura da nono, da ɗanwake, da kwaɗon rama, da faten tsaki. Da wannan suka yi noma da fatauci, har suka taka da ƙafa zuwa Gwanja neman goro.

A ƙasar Indiya akwai miliyoyin mutane da ba su taɓa sa nama a baki ba, abincinsu shinkafa ne da waina irin tasu da miyar wake iri-iri da madara. Ba ma sai an je nesa ba. A Ilishan-Remo, kusa da Shagamu inda 'yan goronmu suke, akwai Jami'ar Babcock ta mabiya ɗarikar Adbentis, wadda ba a dafa nama a ɗakin cin abincin ɗalibanta. Awara da wake da ƙwai su ne madadinsa, ɗaliban kuma suna karatunsu har su gama.

Kada wani ya ce an zo ne a haramta masa abin da Allah Ya halatta. Nama halal ne, ran da ya samu a ci a gode wa Allah. Maganar da muke yi ta sauran kwanakin mako ce, waɗanda su suka fi yawa.

Lissafin gina jiki

Abin da ke gina tsoka da gyara jiki shi likitoci ke kira furotin. Baligi mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 50 nasa a yini. Kilo ɗaya na tsokar naman shanu zalla yana ɗauke da wajen giram 200, kuma kowa ya san kilon mahauci ba ya rasa ƙashi da kitse. Kilo ɗaya na busasshen wake kuwa yana da wajen giram 230, na gyaɗa wajen 250, na waken suya fiye da 350. Watau cikin gwangwanin madara ɗaya na wake, in an dafa, ya ba mutum fiye da rabin abin da yake bukata a ranar. Ƙwai ɗaya ya ƙara masa wajen giram 6. Sai mai karatu ya tambayi kuɗin kilon nama a kasuwar unguwarsu yau, ya tambayi na derikar wake, ya yi lissafin da kansa.

Sai dai akwai wata hikima a wajen haɗawa. Furotin kamar gini yake, da tubala iri-iri ake tada shi, kuma akwai iri 9 da jiki ba ya iya yi da kansa sai ya samu daga abinci. Hatsi, watau gero da dawa da masara da shinkafa, yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuwa yana da shi a wadace. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. In aka ci su biyun a yini ɗaya, kowa ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Garau-garau ke nan, da koko da ƙosai, da tuwo miyar wake, da kunun gyaɗa mai shinkafa, da kwaɗon dambu da ƙuli-ƙuli. Iyayenmu mata sun daɗe da gano wannan a bakin murhu.

Inda ake samun matsala shi ne in aka cire waken aka bar sunan. Akwai ɗanwaken da ake sayarwa yanzu wanda fulawa ce zalla da kuka, ba ko ƙwayar wake a ciki. Haka garin kwaki da doya da teba, suna cika ciki su ba da ƙarfin aiki, amma furotin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Mai jiƙa gari ya watsa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a kai, mai dafa doya ya haɗa ta da wake.

Waken suya ya cancanci a ba shi nasa wuri. Ana noma shi sosai a Binuwai da Kaduna, kuma a shekarun 1980 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Badun, wadda aka kafa a 1967, ta yi aiki wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Yin awara ba wuya: a jiƙa waken ya kwana, a wanke, a kai niƙa, a tace, a tafasa madarar sosai, a zuba ruwan tsamin kamu ko na tsamiya har ta dunƙule, sa'an nan a juye a ƙyalle mai tsabta a danne da abu mai nauyi. Ana iya yanka ta a sa a miya kamar nama, ba lallai sai an soya ba. Abin kiyayewa shi ne waken suya ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, domin yana hana abinci narkewa.

Kayanmu ne, suna ne ya bambanta

Da yawa daga cikin matanmu da aka kai Kurmi sukan wuce ganye a kasuwa ba su saya ba, don ba su san sunansa ba. Abin da Yarbawa ke kira ewedu, lalo ne. Efo tete, alayyahu ne. Ewuro, wanda Ibo ke kira onugbu, shuwaka ce. Iru, daddawar kalwa ce wadda ba a daka ba. Gbegiri miyar wake ce, moin-moin alale ne, akara ƙosai ne, ogi kuwa kamu ne. Okpa da ake sayarwa a Inugu da safe, da garin gurjiya ake yinta, tana kuma riƙe ciki har azahar. Ganyen ugu ne baƙo a wurinmu, amma yana shiga miyar agushi ko ta gyaɗa kamar yadda zogale ke shiga.

Nan ma Kurmi ta fi mu wani abu. Damina a can doguwa ce, saboda haka ɗanyen ganye ba ya yankewa kamar a gida, ga gwanda da abarba da ayaba da lemo a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci akalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, ban da doya da rogo da dankali, domin rage haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A cikin sauƙi, kowane kwano a ga kore a cikinsa, a kuma ci ɗan itace ko biyu tsakanin abinci.

Abubuwa uku da za a kula da su

Na farko, akwai bitamin B12 wanda ba a samunsa a wake ko ganye ko hatsi, sai a nama da kifi da ƙwai da madara. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da kasala da dindiris a hannu da ƙafa, in ya daɗe kuma yana lalata jijiyoyi. Don haka wanda ya rage nama kada ya rabu da ƙwai da kindirmo. A tabbata an dafa madarar kafin a yi kindirmon, domin ɗanyen nonon shanu na iya ɗauke da cuta. Wanda ya ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba kuwa, dole ne ya ga likita a rubuta masa ƙwayar B12.

Na biyu, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 na yara ƙanana. Wake da zogale da alayyahu suna da wannan sinadari, amma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C na taimaka masa, watau a matsa lemon tsami a kan wake, a yanka ɗanyen tumatir, ko a sha lemo bayan abinci. Shayi kuwa tare shi yake yi. 'Yan'uwanmu masu shayi su yi haƙuri, ba a ce a daina ba, amma a bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin kwanon wake da kofin shayi.

Na uku, bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jikin yaro. Manja jajir, wanda ke da sauƙin samu a Kurmi, yana cike da shi, sai dai in aka soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, amfanin ya ƙone. Karas da kabewa da mangwaro da gwanda su ma suna da shi.

Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye, bukatarsu ta fi ta kowa, ba a yin tsimi a kansu. Wancan bincike na 2018 ya ce kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. In ƙwai ɗaya ne a gidan, na yaro ne, maigida ya haƙura. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata 6, madarar waken suya ba ta maye gurbinsa. Bayan nan a dama masa kunun gero da aka haɗa da soyayyen waken suya da gyaɗa, a ci gaba da ba shi mama.

Matse 'ya'yan itace

An shigo da yayin sayen injin matse 'ya'yan itace, har ana cewa ruwan karas ko na abarba yana wanke jini ya fitar da dattin jiki. Aikin tace jini na hanta ne da ƙoda, kuma ba sa jiran wani ruwan lemo. Injin nan yana ba ka ruwan ne ya zubar da tuƙar, alhali tuƙar ce ke gyara hanji ta kuma hana zaƙin shiga jini gaba ɗaya. Kofi ɗaya kan cinye lemo 3. Mutum zai kurɓe shi a minti ɗaya bai ƙoshi ba, amma da ya zauna ya sha lemon nan da tuƙarsa, da wuya ya gama na biyu bai ji ya isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa zaƙin irin wannan ruwa cikin sukarin da ya kamata a taƙaita, watau kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini ga baligi. Gwangwanin lemon kanti ɗaya kuwa na iya ɗauke da har cokali 10. Mai ciwon sukari sai ya yi hattara da duka biyun. In dai ana son abin sha, a markaɗa ɗan itacen gaba ɗaya kada a tace, kada kuma a ƙara sukari.

Muna da namu na gado da ba sa bukatar lantarki: zoɓo da citta da kanumfari, ruwan tsamiya, kunun zaƙi, kunun aya da dabino da kwakwa, da garin 'ya'yan kuka da ake damawa. Illarsu ɗaya, hannunmu na da nauyi wajen zuba sukari. A rage shi kaɗan-kaɗan, baki zai saba. Masu shan maganin hawan jini da mata masu ciki su tambayi likita kafin su mai da zoɓo abin shan kullum.

Babban abin tsoro shi ne ruwan da aka yi abin shan da shi. A watan Yuni na 2024 kwalara ta ɓarke a Ikko ta kashe mutane, kuma jami'an lafiya na Jihar Legas sun ce da yawa daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya na gora marar rajista. Kunun aya ba a dafa shi, kuma yana lalacewa cikin sa'o'i in ba sanyi. Uwargidan da ke yi don gida ko don sayarwa ta wanke ayar sosai, ta yi amfani da tafasasshen ruwa, ta kuma guji tsintar gorunan da wasu suka sha suka yar. Latas da kabeji da sauran abin da ake ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta sau da yawa, in ana annoba kuwa a dafa komai.

Dabarun cefane

Sayen ƙwarya-ƙwarya shi ke cinye kuɗin talaka. Wanda ke sayen wake gwangwani-gwangwani a bakin layi ya fi kowa biyan tsada. Samari biyar ko shida da ke ɗaki ɗaya, ko matan gida ɗaya, su yi karo-karo su sayi kwano ko rabin buhu a babbar kasuwa su raba. A kuma bi lokaci. Wake da gyaɗa sun fi araha bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Tumatir da albasa da karas na noman rani sukan cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, sa'an nan tumatir ya yi tsada da faɗuwar damina. A lokacin nan kauɗa da manja da miyar ganye su ne mafita.

Shanya ba ta yi sosai a Kurmi saboda laima. Gara a yi saƙo gida ta hannun direbobi a kawo kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale da kauɗa da daddawa da ƙuli-ƙuli, a adana su a mazubi mai murfi. Wake kuma in aka cika jarka busasshiya da shi aka toshe bakin ƙam, ƙwari sukan mutu don rashin iska. Wannan ita ce hikimar buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Don rage kuɗin gas da gawayi a jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba, domin yawan kanwa na kashe wasu bitamin.

Araha kuma ba ta ado. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin wanda muke kira fiya-fiya. Wannan kira ne ga 'yan kasuwarmu su ji tsoron Allah, domin waken da ka zuba wa guba wataƙila ɗanka ne zai ci a makaranta. Mai saye ya shinshina, in ya ji warin magani ya bar shi, in ya kai gida ya wanke, ya zubar da ruwan tafasar farko. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar da ita, domin tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda wuta ba ta kashe ta. Hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi a kan ayaba da mangwaron da ake nunar da su da kabaid ɗin masu walda. Rubabben tumatir da ake kasawa a gefe da rahusa, shi ma barinsa ya fi.

Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ga mutum guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta sun isa su ba miya ɗanɗano, a rage dunƙule daga huɗu zuwa ɗaya. Suya ma a rage ta, a riƙa yin alale maimakon ƙosai wasu ranakun, kada kuma a yi ta maimaita mai har ya yi baƙi.

Ga misalin yini guda. Da safe koko da alale, ko kunun gyaɗa. Da rana shinkafa da wake da manja da yaji, a yanka tumatir da albasa da dafaffen ƙwai, a bi da lemo ko gwanda. Da la'asar gyaɗa da ayaba, ko yalo. Da dare tuwon masara da miyar taushe ko ta lalo da awara a ciki, ko kuwa fura da kindirmo. Gwauro mai risho ɗaya ma zai iya dafa faten wake da doya da alayyahu a tukunya ɗaya, ya ci rana ya ci dare.

'Yan'uwa mazauna Kurmi, neman halal ya raba ku da gida, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kuɗin da aka hana ciki yau, gobe kantin magani zai karɓe su har da riba, waɗanda ke jiran saƙo a gida kuma su ji shiru. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma ku ne ke kai shi bakin teku. Ku riƙa ɗibar rabonku daga ciki. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.